Igiyar ƙarfe na saurin lalacewa a bakin rijiya: wane girman puli ya dace da ita?

Wani mai ginar rijiyoyi a jihar Tahoua ya aiko da wannan tambaya: "Muna aikin rijiya mai zurfin mita 60 wajejen Abalak. Muna da injin naɗi, da igiyar ƙarfe mai kaurin milimita 10, da puli mai faɗin santimita 12 rataye a ƙafa-uku. Da ita muke fid da ƙasa, da ita kuma muke saukar da zobban siminti, kowane wajen kilo 600. Wata biyu ko uku sai igiyar ta fara fid da ƙayoyi. Yarana sun ce a sayo mai milimita 14. Ko hakan zai yi magani?"

Malam, sannu da aiki, Allah ya kai ku ga ruwa lafiya. Kada ka sayi mai 14. In ka ɗora ta a kan pulin nan ba lalle ta kai ko wata biyun ba, ga shi ƙarfen da ke jikinta ya kusa ninka na mai 10, kuɗinta ma haka.

Igiyarka ba ƙarfi ta rasa ba. Sabuwar igiya ta kirki mai milimita 10, ta ƙarfe mai lamba 1770, lambar da ke nuna iyakar ƙarfin ƙarfen, sai an rataya mata tan 5 da rabi zuwa 6 take tsinkewa. Ƙa'idar ɗaga kaya ita ce kada a ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato wajen kilo 1,100. Kai kuwa zobe da ƙugiya da nauyin ita kanta igiyar, wanda a mita 60 wajen kilo 21 ne, duka ba su wuce kilo 650 ba. Ta wajen nauyi kana da sarari. Lanƙwasa ce ke cin ta, alhakin lanƙwasar kuma yana wuyan puli.

Dubi bakin igiyar inda aka yanke. Za ka ga tufka shida sun nannaɗe zuciya guda, ko ta zare ko ta ƙarfe, kowace tufka kuma siraran wayoyi ne da aka murɗe tare. Da igiya ta hau puli, kowane sili sai ya tanƙwaru, bayansa ya ja, cikinsa ya matse. Da ta wuce puli, ya koma ya miƙe. In guga ya sauka ya hau sau 50 a yini, kowane taƙi na igiyar ya sha wannan sau 100 a kan puli kaɗai, ban da na gangar inji. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu, yana kai ta yana komo da ita har ta yi zafi ta rabu, ya san gajiyar ƙarfe. In tanƙwarar kaɗan ce, sili zai jure ta sau dubu ɗaruruwa. In ta yi tsanani, ƴan dubbai sun ishe shi.

Fara da awo, don ina kyautata zaton santimita 12 ɗin nan daga leɓe zuwa leɓe aka auna. Igiya ba a leɓe take zaune ba, a gindin kwarmi take. Zagaya zare a gindin kwarmin, ka auna tsawon zaren, ka raba da 3.14. Puli mai leɓe 12 yawanci 9 za ka samu a ciki. Ke nan faɗin pulinka ninki 9 ne kacal na kaurin igiya. Ita ma igiyar a auna ta da ma'aunin kauri mai baki biyu, a kama ta inda ta fi faɗi, daga doron tufka zuwa doron wadda ke fuskantarta, ba a tsakanin kwaruruwa ba. Sabuwa takan ɗara lambarta da kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka. In an ce maka inci 3/8 ce, kamar yadda ake kiran kayan da ke shigowa ta Ƙonni, milimita 9.5 ke nan.

Ga lissafin da ke ƙarƙashin maganar duka. Yawan jan da bayan sili ke sha shi ne kaurin silin a raba da faɗin da'irar da igiya ke bi. A ce silin waje na igiyarka milimita 0.8 ne, da'irar kuma milimita 100 in an auna daga tsakiyar igiya zuwa tsakiyar igiya. Jan ya zama 0.8 cikin 100. Ƙarfen da aka ja haka yana ɗauke da wajen 1,600 a ma'aunin da iyakar ƙarfinsa 1,770 ne, tun ba a rataya ko kilo guda ba. Lissafi ne na kusa-kusa, amma ya nuna inda ciwon yake. Daga nan injiniyoyi suka fid da ƙa'idar da ta fi kowace sauƙin riƙewa: faɗin puli kada ya gaza ninki 400 na kaurin sili guda na waje. In ya gaza ninki 200, kaya mai nauyi kan bar wa igiyar tanƙwara ta dindindin. Naka 125 ne. Alamar haka, in ka warware igiyar a ƙasa sai ta ƙi kwanciya a miƙe, ta riƙa yin gammo-gammo. A na'urorin hawa bene da na ramukan ma'adinai, inda mutane ke rataye kullum, ninki 800 zuwa 1,000 ake bi.

Shi ya sa igiya biyu masu kauri ɗaya ba lalle puli ɗaya ya dace da su ba. Warware tufka guda ka ƙirga silinta. In bakwai ne, igiyar 6×7 ce, wato tufka shida, kowace da sili bakwai, silinta kauri gare shi, wajen milimita 1.1 a igiya mai 10. Tana jure gurza amma ta tsani lanƙwasa. Mafi ƙarancin puli gare ta ninki 42 na kaurin igiya, abin so kuma 72. Wannan ta ɗaure turakun eriya ce da makamantansu, ba ta bakin rijiya ba. In 19 ne, sai ka ƙara dubawa. Wadda silin wajenta tara ne masu kauri, da tara sirara a ƙarƙashinsu, da guda a tsakiya, ita ake kira Seale: mafi ƙaranci ninki 34, abin so 51. Wadda silinta duka kauri ɗaya ne, 12 a waje, 6 a ciki, 1 a tsakiya, a ba ta 30 zuwa 45. Mai 25 a tufka, wadda ke da ƴan siraran ciko a tsakani, 26 zuwa 39. Mai 36 a tufka, silin wajenta bai kai milimita 0.6 ba, 23 zuwa 35. Ka gwada da kanka: 0.8 sau 400 ya ba da santimita 32, 1.1 sau 400 ya ba da 44, duka kusa da waɗannan lambobi. Ko takardar igiya ta ɓata, sili guda da ma'aunin kauri sun isa su gaya maka pulin da take so.

Ƙananan igiyoyi na milimita 3 zuwa 6, irin na ƙofar gareji ko na rataye famfo, su ma haka: 7×19 ninki 24, 7×7 ninki 42, ita kuwa 1×19 mai tauri ba ta hawa puli sam. In mai rigar roba ce, faɗin puli da kaurin ƙarfen ciki ake lissafa shi, kwarmi kuma da kaurin rigar.

Wani zai ce ai manyan motocin ɗaga kaya da ninki 18 suke aiki. Gaskiya ne, ƙa'idarsu ta yarda da haka don ba su da wurin sa manyan puli. Amma igiyarsu mai siraran sili ce, ana duba ta kullum, an kuma san tun farko cewa za a riƙa canja ta. Mafi ƙaranci ba shi ne mai kyau ba, iyaka ce da ba a ƙetarawa. Masu ƙera igiya sun gwada: igiya guda, in aka ɗauke ta daga puli mai ninki 26 aka mai da ta mai ninki 35, kwananta kan ƙaru da kashi 88 cikin 100. Ƙarin santimita 9 a faɗin puli ya kusa ninka maka rayuwar igiya mai milimita 10.

Abin da ke ruɗin mutane da ƙaramin puli shi ne ranar farko ba ya nuna laifi. Igiya a kan puli mai ninki 10 tana riƙe da wajen kashi 86 cikin 100 na ƙarfinta, a kan mai ninki 20 kashi 91, a kan mai 40 kashi 95. Za a ɗaga zobe lami lafiya kowa ya ce ya yi. Ɓarnar a ɓoye take taruwa, sili bayan sili.

Yanzu mai da lissafin kan shawarar yaranka. Igiya mai 14 irin Seale silin wajenta ya haura milimita 1.1, tana son puli na aƙalla santimita 48. A kan naka ninki 6 da ɗoriya za ta samu, kuma ba za ta ma zauna a gindin kwarmin ba, a gefe da gefe za ta maƙale.

Abin da ya dace: ka tsaya a milimita 10, ka nemi 6×36 mai ruwan tutiya saboda laimar rijiya, ka sa a yi maka puli mai santimita 35 a gindin kwarmi. In 6×19 kaɗai ka samu a Tahoua ko a kasuwar Katako ta Yamai, to puli ya zama 40 zuwa 45. Tun da igiyar za ta hau kanta hawa biyu ko uku a ganga, mai zuciyar ƙarfe ta fi jure dannewa. Mai zuciyar zare ta fi laushi, ta fi kuma riƙe mai, amma takan baje in an danne ta.

Faɗi rabin magana ne, sauran rabin kwarmi ne, kuma a nan yawancin pulin da ake haɗawa a gida ke faɗuwa. Gindin kwarmi dole ya zama zagaye, ya ɗara igiya da ɗan kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ga igiya mai 10, ka ce wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi gindi mai faɗin milimita 10.6, kada ya gaza 10.5, kada ya wuce 11. Zurfi milimita 15, wato kaurin igiya sau ɗaya da rabi. Gefunan su buɗe da digiri 45 zuwa 60, a goge su sumul, a kashe kaifin leɓe. Kwarmin da ya dace yakan rungumi fiye da sulusin zagayen igiya, nauyi ya rabu a kan sili masu yawa. In ya matse, tufkoki ba sa samun damar zamewa a jikin juna yayin lanƙwasa, sai su ci juna, ka ga layi biyu masu ƙyalli sun bi tsawon igiyar. In ya yi faɗi, igiya kan layi guda take zaune, sai ta baje ta rasa zagayenta. Gwajin ba wuya: ɗauki gindin bakin injin huda mai milimita 10.5, ka kwantar da shi a kwarmi, ka haska tocila ta baya. Haske a ƙarƙashinsa, kwarmi ya matse. Haske mai yawa a gefe biyu, ya yi faɗi.

Da wannan za ka gane dalilin da ya sa pulin bel na injin niƙa bai dace ba ko yaya faɗinsa. Kwarminsa tsini ne, an yi shi ne don ya cije bel, haka zai cije igiya. Ƙarfen ƙafar babur mai inci 17 faɗinsa wajen santimita 43 ne, abin sha'awa, amma cikinsa shimfiɗe yake, igiya za ta yi ta yawo tana bajewa, wayoyin da ke riƙe shi kuma ba a yi su don ɗaukar tan ba.

Sai ƙarfen da za a yi pulin da shi. Dannawar da igiya ke yi wa kwarmi ana samun ta haka: nauyi sau biyu, a raba da faɗin puli sau kaurin igiya, duka a santimita. Kilo 650 sau biyu 1,300 ne. A puli mai 35, wajen kilo 37 ke kan kowane murabba'in santimita. A naka mai 9, ya haura 140. Ƙarfen zubi yana jure wajen 34 da igiya 6×19, wajen 41 da 6×36. Baƙin ƙarfe mai kyau 63 zuwa 75. Itace bai kai 22 ba. Pulin itacen da ake jan wasaki da shi da igiyar roba a rijiyoyin Azawak daidai yake da aikinsa, amma ba na igiyar ƙarfe da zoben siminti ba ne. Alminiyam na zubin gida kuma, irin wanda ake tukwane da shi, kada ma a fara. Faifan baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 30 da faɗin santimita 38 shi ne zai ba ka 35 a gindin kwarmi. Nauyinsa wajen kilo 27 ne, ana iya huda manyan ramuka huɗu ko shida tsakanin cibiya da baki don ya yi sauƙin ratayawa. Kada a cike kwarmi da walda a bar shi ba sassaƙa, ƙurajen walda kan yanke sili.

Ka tuna puli ba kilo 650 yake ɗauka ba. Igiya na jan sa ta gefen rijiya, tana jan sa ta gefen inji. In sassan biyu sun sauko kusa da juna, nauyin ninki biyu ne, kilo 1,300. In sun rabu da kusurwar digiri 90, ninki 1.4 ne. Saboda haka sandar tsakiya da ƙugiyar ratayawa da kan ƙafa-uku duk a yi su da lissafin tan 2. A sa rulma biyu, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye da puli ke juyawa a kansa, masu murfi don kada rairayi ya shiga. Kowace safiya a juya puli da hannu ba kaya: in ya cije ko yana rangaji, igiya za ta riƙa gurzar kwarmi maimakon ta mirgina da shi. A kuma sa ƙarfen kariya a saman puli, ratarsa da leɓe ta gaza rabin kaurin igiya, don kada ta yi tsalle ta faɗa tsakanin puli da gidansa.

Gangar inji ita ma puli ce, tana lanƙwasa igiya. Da yawa bututun inci 6 ake yi da ita, wajen santimita 17, ya yi ƙanƙanta. Kada ta gaza 25 ga 6×36, ko 30 zuwa 35 ga 6×19. Ganga mai faɗin 25 da tsawon 30 tana cin wajen mita 23 a hawan farko, rijiyarka hawa uku ke nan. A bar naɗi uku a jikinta da ba a warwarewa ko guga ya kai ƙasa, leɓenta kuma ya ɗara hawan ƙarshe da kaurin igiya biyu. Puli ya fuskanci tsakiyar ganga daidai, kuma karkatar igiya zuwa kowane gefe kada ta wuce digiri ɗaya da rabi. A aikace, nisa tsakanin ganga da puli ya kai ninki 19 na tsawon ganga. Mai tsawon santimita 30 tana son mita 5.7. In aka matso da inji gindin ƙafa-uku, igiya za ta riƙa gugar leɓen puli tana hawa kan ƴar uwarta a ganga. In akwai puli na biyu a ƙasa mai karkatar da igiya, shi ma girmansa ɗaya da na sama, kuma a tsara su yadda igiya za ta lanƙwasa gefe guda. Wadda aka tanƙwara nan gaba, nan take aka tanƙwara ta baya, kwananta kan ragu da kusan rabi.

Batun mai, a ƙasar Adar da ƙurar hunturu, giris mai kauri da aka lafta a waje rairayi yake kamawa, ya koma abin gurza. A goge igiya da burushin ƙarfe, a shafa mai marar kauri sosai daidai inda take hawa puli, don a nan tufkoki ke buɗewa mai ya shige ciki, sannan a share na waje. Baƙin man da aka juye daga inji yana da ƙurar ƙarfe da tsami, ga shi rijiyar ta sha ce, a nisanta shi.

Igiyar da ke kanka yanzu, karyayyun silinta za su tabbatar maka da abin da na faɗa. Sili da gajiya ta karya bakinsa a daidaice yake, kai ka ce an datse shi. Wanda nauyi ya tsinka yakan sirance kafin ya rabu. Wanda gurza ta cinye bakinsa fele-fele ne mai kaifi. Sa safar fata, ka bi igiyar da tsumma, duk inda ya maƙale ka tsaya ka tanƙwara wurin ka duba. Auna tsawon da tufka guda ke yi kafin ta zagayo igiya sau ɗaya, wajen santimita 6 zuwa 7 ne a mai 10. In a cikin wannan tsawo ka ƙirga karyayyun sili shida, ko uku a tufka guda, igiyar ta gama aiki. Haka in sili biyu sun karye a cikin kwarin da ke tsakanin tufkoki, don wannan na nuna ciki ya riga waje lalacewa. Haka in kaurin mai 10 ya koma ƙasa da milimita 9.5, ko ta ƙulle an miƙar da ita da ƙarfi, ko tufkoki sun buɗe zuciya ta leƙo. Tun da ta riga ta fid da ƙayoyi, kada mutum ya ƙara sauka da ita. Ko da sabuwa ce, mai sauka ya kasance da igiyar tsaro ta dabam wadda ba ta bi ta wannan puli ba, kuma ba mai tsayawa a gindin rijiya lokacin da zobe ke rataye.

Kada a ɗora sabuwar igiya a kan tsohon puli. Tsohuwa da ta sirance ta riga ta sassaƙa kwarmi daidai jikinta, wani lokaci har da zanen tufkokinta a ciki, sabuwa kuwa ta fi ta kauri, za ta matse tun ranar farko. Wajen warware sabuwa a mirgina naɗin a ƙasa ko a sa shi a sanda ya juya, kada a zare ta ta gefe, nan take ƙullewa. A madaukin ƙugiya a sa ƙarfen nan mai kwarmi da ke hana igiya karyewa a lanƙwasar, a ɗaure da maɗaurai huɗu masu noti, tsakaninsu santimita 6, lanƙwasasshen ƙarfen a kan guntun bakin igiya, sirdin a kan dogon da ke ɗaukar kaya. A yi hawa da sauka kamar goma da ƙaramin kaya don tufkoki su zauna, a sake ɗaure notin, sannan a ɗauki zobe.

Wajen saye ka ƙara mita 10 a kan abin da kake bukata. Wurin da ya fi shan wahala shi ne wanda ke kan puli lokacin da inji ya fizgi kaya daga ƙasa, da inda igiya ke hawa daga hawa ɗaya zuwa na biyu a ganga. In ana yanke mita ɗaya ko biyu daga bakin ganga lokaci-lokaci, waɗannan wurare sai su gusa zuwa sashen da bai gaji ba. In ta yi rabin kwananta kuma a juya ta, bakin ƙugiya ya koma ganga, na ganga ya dawo ƙugiya.